Windows 10 ta kai ƙarshe, Affinity ta koma kyauta: sabon lissafin masu hoto da masu sayen na'ura a Nijar

A cikin watan Oktoba na 2025 an yanke wasu shawarwari biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Ostiraliya, da ba su ja hankalin jama'a sosai a nan gida ba, alhali za su taɓa aljihun duk mai sitidiyon hoto, mai sibar, da matashin da ke tsara katin gayyatar biki a Maradi ko Damagaram. Ranar 14 ga watan, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wato ya daina aiko mata gyare-gyaren tsaro na kyauta. Ranar 30 kuma, kamfanin Canva ya sanar cewa Affinity, manhajar gyaran hoto da tsara shafi da ta daɗe tana gogayya da kayan Adobe, ta zama kyauta ga kowa.

Labarin ya zo daidai lokacin kaka, lokacin da kuɗi ke ɗan motsi a hannun mutane, bukukuwan aure ke yawaita, masu hoto kuma ke tunanin sauya kayan aiki. Tambayar da aka saba yi a gaban tebirin mai kaya ita ce: megafiksel nawa, jiga nawa, nawa ne gaskiyarta? Waɗannan shawarwari biyu sun nuna akwai tambayar da ta fi su nauyi: shekara nawa abin zai yi yana aiki a hannunka, kuma wa ke da ikon yanke masa wa'adi?

Kwamfutocin da Turai ta sallama

Windows 10 ba ta daina tashi ba. Wanda ya kunna kwamfutarsa yau zai same ta kamar jiya. Abin da ya sauya shi ne duk wata ɓaraka da ɓarayin intanet za su gano daga yanzu, ba mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara guda, wanda zai ƙare ranar 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga shirin da dalar Amurka 30, ko kuma ta hanyar haɗa kwamfutar da asusun Microsoft. A hankali kuma masu ƙera manhajoji za su riƙa janye hannu daga tsohon tsarin, kamar yadda suka yi wa Windows 7.

Mafitar da Microsoft ya bayar ita ce a koma Windows 11. To amma Windows 11 ba ta karɓar kowace na'ura. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana son ƙwaƙwalwa daga zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2017. Tun a 2023 cibiyar nazarin kasuwa ta Canalys ta ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara.

Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane inda kaso mai yawa na waɗannan kwamfutoci zai dosa. Bankuna, ma'aikatu da makarantun Turai da Amurka suna sauya kayansu, dillalai suna saye da yawa, su cika kwantena. Daga Dubai, daga Lome, daga Computer Village ta Ikeja zuwa Kano, sannan ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Daura da Matamaye, ko ta Illela da Ƙonni, za su iso mana a goge, suna ƙyalli, da farashin da zai sa mutum ya ce ya yi tsintuwa. HP EliteBook ko Lenovo ThinkPad na 2015 da 2016 na'urori ne masu ƙarko, ba wanda ya musa. Sai dai wanda ya sayi irinsu yau da niyyar ya yi shekara biyar yana aiki da Windows a kansu, ya yi cinikin biri a sama.

Gane su ba wuya. Idan mai kaya ya ce « Core i5 ce », maganar ba ta ƙare ba, domin an shafe fiye da shekara goma ana fitar da i5. A duba lambar da ke bayan karan: i5-6300U zubi na 6 ce, i5-7200U zubi na 7, dukansu Windows 11 ba ta yarda da su a hukumance ba, i5-8250U ita ce ta tsallake. Masu gyara sun san dabarun tura Windows 11 da ƙarfi a kan tsohuwar na'ura, kuma za ka tarar da wasu a kasuwa an riga an yi musu hakan don a rufe idon mai saye. Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyara ba.

Akwai wani abin da mai saye daga Kano kan manta har sai ya iso gida: jerin haruffan. Kwamfutar da ta biyo ta Najeriya mai tsarin QWERTY ce, babu é, babu è, babu ç a kanta, kan wayar cajinta kuma mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Ga mai gyaran hoto kawai, wannan ba komai ba ne. Ga mai sibar da zai wuni yana buga takardun neman aiki da rahotannin ɗalibai da Faransanci, wahala ce ta kullum.

Daga saye zuwa haya

Maganar manhaja ta fi ta ƙarfe sarƙaƙiya. Har zuwa 2012, lokacin da Photoshop CS6 ta fito, mutum na iya sayen manhajar sau ɗaya ta zama tasa. A 2013 Adobe ya rufe wannan ƙofa, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata. Yau sabon mai shiga tsarin da ya haɗa Photoshop da Lightroom yana biyan kusan dalar Amurka 20 a wata, wato sama da jika 11 na sefa, kimanin jika 135 a shekara. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42, hayar manhaja ɗaya ta haura kashi ɗaya cikin huɗu na albashin ƙaramin ma'aikaci.

Ko mai kuɗin ma sai ya samu hanyar biya. Adobe ba ya karɓar Nita ko Amana, katin banki irin Visa ko Mastercard yake so, abin da yawancin masu sitidiyo ba su da shi. Akwai kuma tarko a cikin yarjejeniyar: tsarin da ake nunawa a matsayin na wata-wata sau da yawa alkawarin shekara ne, wanda ya fita kafin lokaci sai a caje shi rabin abin da ya rage. A kan wannan ne hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa aka maka kamfanin a kotu a watan Yuni 2024.

Abu na uku ya fi shafar mu fiye da yawancin ƙasashe. A watan Oktoba 2019, Adobe ya sanar da masu amfani da kayansa a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu baki ɗaya saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Daga baya kamfanin ya samu izini na musamman, aka fasa rufewar, amma darasin ya riga ya fito. Ƴan Nijar da suka ga abin da ya faru daga watan Agusta 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, aka yanke wutar Najeriya, kuɗi suka yi ƙaranci a bankuna, ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ake nufi da dogaro da abin da makunninsa ke hannun wani. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kowa ya san yadda aka warware matsalar a aikace: fasasshiyar Photoshop, wadda mai gyara ke zuba maka daga kile USB kan ɗari biyar ko jika guda. Da ita aka koya wa mafi yawan masu tsara zane sana'ar, kuma rashin gaskiya ne a yi kamar ba haka ba ne. Amma fasasshiyar manhaja tana zuwa da sharaɗin a kashe mai gadin kwamfuta kafin a girka ta, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta. Idan aka haɗa ta da Windows ɗin da ba a toshe mata ɓaraka, a kan na'urar da ke ɗauke da hotunan amare, hotunan katin shaida da fasfo na mutanen unguwa guda, kasadar ba ta mai shagon kaɗai ba ce.

A nan ne sanarwar Canva ta samu muhimmanci. Canva ya sayi kamfanin Serif na Ingila, mai Affinity, a watan Maris 2024. A da manhajoji uku ne, na hoto, na zane da na tsara shafi, kowace da kuɗinta. Yanzu an haɗe su wuri guda, ba a biyan ko dala. Tana buɗe fayilolin Photoshop, tana sarrafa ɗanyen hoton kyamara na RAW, tana fitar da aiki da launukan da maɗaba'a ke buƙata, kuma akwai ta da Faransanci. Ga mai sitidiyon da aikinsa gyara fuska, sauya bayan hoto da tsara albam, babu abin da zai rasa.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Sai ka buɗe asusun Canva kafin ka yi amfani da ita, kuma kayan aikin ƙirƙirarriyar basira da ke cikinta na masu biyan kuɗin Canva ne. Kamfanin da ya ba da kyauta yau yana da ikon sauya sharaɗi gobe. Akwai kuma naƙasar da ta shafe mu kai tsaye: Affinity ba ta iya jera rubutun Larabci daga dama zuwa hagu yadda ya kamata. Duk wanda ya san yawan aikin da ake kawowa na allunan makarantun Islamiyya, katunan saukar karatu, sanarwar wa'azi da kalandar masallatai, ya san wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

GIMP, wadda zubinta na 3.0 ya fito a watan Maris 2025, ba ta da wannan matsala, kuma ita ba ta kowane kamfani ba ce: ba asusu, ba intanet, ba mai rufe ta daga nesa. Tana tafiya a kan tsohuwar na'ura, har da wadda aka sa wa Linux Mint a madadin Windows, abin da zai iya ƙara wa waccan i5 ɗin ta zubi na 6 wasu shekaru na aiki cikin aminci. Darktable na yin aikin Lightroom, Inkscape na yin na zane. Gaskiya ne hannun da ya saba da Photoshop zai yi makonni yana tuntuɓe a GIMP, kuma a fannin launin maɗaba'a har yanzu tana baya. A ganina, ƙaramin sitidiyo zai fi samun kwanciyar hankali da Affinity don aikin yau da kullum, GIMP da Inkscape kuma a gefe don rubutun Larabci da ranar da sharaɗi zai sauya. Hayar Adobe ta dace da wanda ke aiki da kamfanonin talla ko ƙungiyoyin waje da ke biyan kuɗin da zai ɗauke ta.

Kowace aka zaɓa, a gwada ta da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kafin a karɓi aikin Hausa. Yawancin salon haruffa masu ado ba su da su, shi ya sa ake ganin alluna da ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma, ko a rubuta « kasa » inda ake nufin ƙasa. Noto Sans, Charis SIL da Andika kyauta ne, kuma suna da haruffan duka.

Kyamara ko waya

A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a duniya. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Wayar salula ce ta cinye kasuwar, kuma a nahiyarmu kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno, Infinix da itel, shi ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani. Bai kai nan da sa'a ba: ya sa layi biyu, ya sa babban batir, ya daidaita kyamararsa da baƙar fata a lokacin da manyan kamfanoni ba su damu da hakan ba, ya kuma tabbatar ana samun gilashi da batirinsa a kusan kowace rumfar gyara.

Lambar megafiksel da ake bugawa da manyan haruffa a kwali ita ce mafi ƙarancin amfani cikin abubuwan dubawa. Hoton 10 x 15 da ake wankewa a raba a wurin biki bai buƙaci fiye da megafiksel 2 da ɗoriya ba. Cikakken shafin A4 yana buƙatar ƙasa da 9. Wayoyin da ke alfahari da 50 ko 108 yawanci haɗe ɗigogin suke yi su fitar da hoto mai kimanin 12, WhatsApp kuma ya sake matse shi kafin ya isa wurin dangi. Abin da ke raba hoto mai kyau da maras kyau a ɗakin amarya da dare, ƙarƙashin ƙwai ɗaya, shi ne girman farantin da ke karɓar haske da ingancin gilashin gaba. Farantin tsohuwar Canon 600D ta 2011 ya ninka na wayar jika 80 sau da yawa, shi ya sa har yau mai sana'a bai da dalilin jin kunyar ratayawa.

Tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga kyamarori marasa madubi, masu hoto a Turai da Asiya kuma suna ta sayar da tsofaffin nasu masu madubi. Saɓanin kwamfuta, a nan sauyin ya yi mana daɗi, domin kyamara ba ta jiran gyara daga intanet kafin ta yi aiki, ba kamfanin da zai yanke mata wa'adi. Mai madubin ma ta fi dacewa da halin da muke ciki ta fuska biyu. Ba ta shan batir: Nikon D3500 na ɗaukar hoto kimanin 1.550 da caji ɗaya, yayin da marasa madubi da yawa ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Kuma lokacin da ake sauya gilashi cikin ƙurar hunturu, farantinta yana ɓoye a bayan madubi da labule, ba a buɗe ba. Abin dubawa kafin a biya shi ne adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, wanda ake iya karantawa da ƙananan manhajoji na kyauta, domin labulen ƙananan kyamarori an ƙera shi ne don kimanin ɗauka 100.000. Wanda aikinsa ya fi karkata ga bidiyo, kuma nan kasuwar bukukuwa ta dosa, shi lissafinsa daban ne: maras madubi ta fi iya bin fuska tana motsi.

Waya kuwa tana cikin rukunin masu wa'adi. A tsakiyar 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s, 6 da 6 Plus, ga shi har yanzu ana ganin irinsu a akwatunan gilashi na masu sayar da na hannu. Tun ranar 20 ga Yuni 2025, dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa masu ƙera waya su ci gaba da sabunta manhajarta na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da ita, su kuma tanadi kayan gyara na shekara 7. Dokar ta tsaya a kasuwarsu. A tamu, ƙananan wayoyi da yawa ba sa samun kulawar da ta wuce shekara biyu ko uku, kuma ba a rubuta hakan a kwali. Samsung ya yi alkawarin shekara 6 ga Galaxy A16. Irin wannan bayani ya fi cancanta a tambaya fiye da yawan idanun da ke bayan wayar.

Sai katin ajiya, wanda ya fi komai araha kuma ya fi komai jawo kuka. Jabun kati na nuna jiga 128 alhali 8 ko 16 ne a cikinsa; yana karɓar hotuna ba musu, yana rubuta sababbi a kan tsofaffi, sai bayan an watse daga biki a gano rabin aikin ya tafi. Manhajar H2testw na tona asirinsa cikin ƴan sa'o'i. Ba a maimaita ɗaurin aure don mai hoto.

Kuɗin da ba ya cikin faktir

Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa. An yanke ta a watan Agusta na shekarar, ba ta dawo ba sai a watan Maris 2024, kuma duk da tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, ɗauke wuta a lokacin zafi bai zama tarihi ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa kwamfutar hannu ta fi ta tebur a wurin ƙaramin mai sana'a, tunda batirinta na tare aikin idan wuta ta tafi, muddin batirin na hannu bai riga ya gaji ba. Na'urar daidaita wuta ba ado ba ce, dawowar kuran da ƙarfi ita ke ƙona caja. Zafi ma yana da nasa harajin: Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura 40.

Hanyar shigowar kaya ita ma ta sauya. A 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, ga TVA na kashi 19 cikin 100. Faɗuwar naira tun tsakiyar 2023 ta sa kasuwar Farm Centre ta Kano ta ƙara jan masu sefa, sai dai kayan da ake sayowa da dalar Amurka ba su bi naira sun faɗi ba, kuma garantin da aka rubuta a Kano sai an koma Kano ake cin moriyarsa. Ragin jika 10 ba ya biyan kuɗin mota zuwa da dawowa.

Akwai abin da hukumomi za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ana ta maganar diyaucin ƙasa, amma cibiyoyin koyon sana'a da ɗakunan kwamfuta na makarantu, har da ofisoshin gwamnati da dama, suna tafiya ne a kan Windows ɗin da wa'adinta ya cika da manhajojin da ba a biya ba. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus tana kan sauya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30.000 zuwa LibreOffice da Linux, jandarmomin Faransa kuma sun yi shekaru fiye da goma suna aiki da nasu Ubuntu. Idan jami'o'in Maradi, Damagaram da Tawa da cibiyoyin horo suka fara koyar da GIMP, Inkscape da Darktable tare da Photoshop, yaron da ya fito zai iya buɗe shago ba tare da ya fara da sata ko da bashi ba. Duwan kuma na da hurumi a ƙarƙashin yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta hana shigo da shara mai guba nahiyar, ta bambanta na'urar hannu mai aiki da gawar da aka lulluɓe da leda. Kwantenonin da Windows 10 ta sallama suna kan hanya, kuma wa'adin ƙarshe na waɗanda suka shiga shirin ƙari zai cika ne ranar 13 ga Oktoba 2026.